Tambayoyi da Amsoshi Kan Zagaya Babban Birni: Wuraren Tarihi, Bukukuwa da Fita Shan Iska

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi fitowa daga bakin masu son su san birnin da suke zaune a ciki, da kuma baƙin da suka sauka da 'yan kwanaki kaɗan a hannunsu. An ɗebo misalai daga birane daban-daban, domin abin da yake wahalar da mai zagaya babban birni kusan iri ɗaya ne a ko'ina.

Na yi shekara da shekaru a birnin nan. Me ya rage da zan je in gani?

Abin da ya rage ya fi yadda kake zato. Idan aka bi diddigi, mazaunin babban birni hanyoyi uku ko huɗu ya sani da kyau: ta wurin aiki, ta kasuwa, ta makarantar yara, sai ta gidajen 'yan'uwa. Sauran birnin ta tagar mota yake ganinsa. Akwai gine-ginen da ya wuce ta ƙofarsu ba adadi amma bai taɓa sa ƙafa a ciki ba, domin yana ganin suna nan, ba inda za su, wata rana zai shiga. Baƙon da yake da kwana uku kacal shi ne yake shiga.

Wasu ƙasashe sun lura da haka. Tun 1984 Faransa take ware ranaku a watan Satumba da ake buɗe gine-ginen tarihi da na gwamnati waɗanda suke rufe ga jama'a a sauran ranakun shekara, har da fadar shugaban ƙasa, kuma shirin ya bazu zuwa sauran ƙasashen Turai. A Landan an fara makamancinsa a 1992. Ɗan gari ne ya fi kowa damar cin moriyar irin waɗannan ranaku, tunda shi ne yake nan lokacin da aka buɗe ƙofa.

Birni kuma ba ya zama wuri ɗaya. Filin da lambun Al-Azhar yake a Alƙahira ya yi kusan shekara 500 yana juji kafin a gyara shi a buɗe a 2005, kuma wajen aikin ne aka tono wani dogon ɓangare na ganuwar birnin ta ƙarni na 12 da shara ta binne. Wanda ya san unguwar kafin lokacin, bai sake komawa ba, bai san ta ba a yau.

Wuraren sun yi yawa. Ta ina zan fara?

Ka zaɓi unguwa ɗaya, ka ba ta yini guda. Wannan ita ce shawarar da ta fi muhimmanci a duk shafin nan, kuma ita aka fi ƙin bi. Mutum yakan rubuta wurare shida ko bakwai da suke warwatse a kusurwoyin birni, ya ƙare da rabin yininsa a kan hanya, ya shiga kowanne a gurguje, ya dawo gida da ciwon ƙafa da hotunan da shi kansa ba ya iya bambancewa. Babban wuri ɗaya da safe, ƙaramin wuri ɗaya da yamma, da tafiyar ƙafa a tsakaninsu, sun isa yini.

Haka abin yake a cikin wuri ɗaya ma. Gidan tarihi na Louvre da ke birnin Faris yana da kaya kimanin 35,000 da aka baje wa masu kallo. Da mutum zai tsaya minti ɗaya a gaban kowanne, sai ya haura kwana 24 ba barci ba hutu. Saboda haka wanda ya shiga da niyyar ganin komai ba zai ga komai ba. Ya fi kyau ka karɓi taswirar gidan a bakin ƙofa, ka zauna a benci na minti biyar, ka sa alama a ɗakuna uku ko huɗu da suka ja hankalinka, ka bar sauran sai wata rana. Ido yana gajiya kamar yadda ƙafa take gajiya, kuma bayan sa'a biyu yawancin mutane wucewa kawai suke yi ta gaban kaya.

Tafiyar ƙafa da aka ambata tana cikin ziyarar, ba ɓata lokaci ba ce. A nan ne ake ganin rubutun da ke saman tsofaffin ƙofofi, da shekarar da aka sassaƙa a jikin gini, da masu sana'ar hannu a bakin aikinsu, abubuwan da ba sa cikin kowane jerin wuraren da aka ce a gani.

Dole sai mutum yana da kuɗi da yawa?

A'a. Da yawa daga cikin wurare mafi daraja a manyan birane kyauta ake shiga. Gidan tarihi na British Museum a Landan, wanda aka kafa a 1753, ba a biyan kuɗin shiga, kuma tun 2001 haka yake a gidajen tarihi na ƙasa da ke Ingila, sai dai a biya don baje koli na musamman. Gidajen tarihi na Smithsonian da ke Washinton su ma kyauta ne. Na fadar Batikan suna buɗewa kyauta a Lahadin ƙarshe ta kowane wata, ko da yake layin ranar yana da tsawo ƙwarai. Ranar 18 ga Mayu ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya, kuma wurare da dama suna yafe kuɗin shiga ko su rage a ranar.

Hangen birni daga sama ko daga kan ruwa ma ba lallai sai an biya ba. Jirgin fito na Staten Island a New York kyauta yake ɗaukar fasinja tun 1997, tafiyar kimanin minti 25 ce, kuma daga cikinsa ana hango mutum-mutumin 'yanci sarai. A Tokiyo, ginin hukumar birni yana da ɗakin hange a hawa na 45, mita 202 daga ƙasa, ba a karɓar ko sisi. A Bogota ta ƙasar Kolombiya ana rufe titunan da tsawonsu ya haura kilomita 100 ga motoci kowace Lahadi daga safe zuwa ƙarfe biyu na rana, a bar wa masu keke da masu tafiyar ƙafa.

Inda ake biya, a tambayi ragi. Ɗalibai da yara da tsofaffi, wani lokaci da mazauna birnin, suna da nasu farashin, amma sai an nuna katin shaida. Shi kuwa katin da ake sayarwa wanda ya haɗa wurare da yawa a farashi ɗaya, a yi lissafi kafin a saya. Ba ya biyan kuɗinsa sai an shiga wurare da yawa cikin ɗan lokaci, ga shi kuma yana tura mutum ga gaggawar da muka ce a guje mata.

Wace rana ce kuma wane lokaci ya fi dacewa?

A fara da sanin ranar da wurin yake rufe. Gidajen tarihi da yawa a duniya Litinin suke hutu, amma ba duka ba: Louvre Talata yake rufewa, alhali gidan tarihi na Orsay da fadar Versailles, su ma a Faransa, Litinin suke rufewa. Babbar rufaffiyar kasuwar Istambul ba ta ci ranar Lahadi. A kuma lura cewa lokacin daina shigar da mutane yakan riga lokacin rufewa da rabin sa'a ko fiye.

Sa'ar farko bayan buɗe ƙofa ita ce mafi sauƙi, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido da na makarantu su iso. Wasu wuraren yanzu ba sa sayar da tikiti a bakin ƙofa ko kaɗan. Gidan Anne Frank a Amstadam, inda wata yarinya Bayahudiya mai wannan suna ta ɓuya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta intanet kawai ake sayen tikitinsa, da rana da sa'ar shiga a rubuce, kuma yakan ƙare tun da sauran makonni.

Yaya zan san ranakun bukukuwa, ganin wasu suna canzawa kowace shekara?

Sai a gane irin ƙidayar da bikin yake bi. Akwai masu tsayayyar rana, kamar bikin kiɗa da Faransa ta fara a 1982, wanda kullum 21 ga Yuni ake yinsa, mawaƙa su cika tituna da dandali kowa ya saurara kyauta. Akwai masu bin ranar mako, kamar bikin Notting Hill na Landan da ake yi Lahadi da Litinin a ƙarshen watan Agusta. Waɗannan ba su da wuyar shiri.

Masu bin wata su ne suke ruɗa mutane. Shekarar Musulunci ta gaza ta rana da kwana 10 zuwa 11, saboda haka bukukuwanta suna matsowa baya kowace shekara har su zagaye damina da rani, kuma ainihin ranar a ƙasashe da yawa sai an ga wata ake tabbatarwa. Sabuwar shekarar Sin tana faɗuwa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Bikin Diwali na Indiya yana zuwa a Oktoba ko Nuwamba. Babban bikin birnin Riyo na Birazil yana ɗaure da ranar Ista, don haka yakan zo a Fabrairu, wani lokaci farkon Maris. Wanda ya duba ranar bara ya yanki tikiti a kanta zai iya isa bayan an watse.

Akwai kuma waɗanda yanayi ne yake sa musu rana. Furannin itacen ceri da ake taruwa kallo a Tokiyo suna buɗewa ne a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ba su wuce mako ɗaya zuwa biyu, kuma zafi ko sanyin shekarar ne yake gaggauta su ko ya jinkirta. Haka ake jiran su a Washinton, inda birnin Tokiyo ya aika kyautar itatuwa kimanin 3,000 a 1912.

Shafin hukumar birni da rediyon gari da allon sanarwa na ɗakin karatu sun fi hotunan da ake yaɗawa a soshiyal midiya inganci, domin waɗannan sau da yawa tsofaffi ne ba kwanan wata. Ƙananan bukukuwan unguwa kuwa daga bakin mazauna ake jinsu, kuma a ganina su ne suka fi nuna wa mutum halin birni, tunda ba don baƙi aka shirya su ba. Abu ɗaya da ake mantawa shi ne, babban biki yakan rufe gari: shaguna da bankuna su kulle, a toshe tituna, a sauya hanyar bas. A tanadi abin buƙata tun kwana ɗaya kafin ranar.

Ina tsoron cunkoso. Yaya zan kare kaina a taron biki?

Wannan tsoro yana kan hanya, kuma ya kamata kowa ya karanta wannan amsa ko da ya tsallake sauran. A ranar 29 ga Oktoban 2022 mutum 159 suka rasa rayukansu sanadin turmutsutsu a unguwar Itaewon ta birnin Seoul a Koriya ta Kudu, a wani lungu mai gangara da faɗinsa bai wuce mita huɗu ba. A 2010, a birnin Duisburg na Jamus, mutum 21 suka mutu a wani bikin kiɗa inda masu shiga da masu fita suka haɗu a hanya ɗaya. A irin wannan hali yawanci ba tattakewa ce take kashewa ba. Matsewar ƙirji ce, mutum yana tsaye a kan ƙafafunsa amma ba shi da sararin da zai ja numfashi.

Masana sun nuna cewa haɗari yana farawa idan mutum biyar zuwa shida suka taru a murabba'in mita ɗaya. Ba wanda zai tsaya ƙirga mutane, amma jiki yana ba da labari. Idan ana taɓa ka ta ko'ina, idan ba ka iya ɗaga hannu ka shafa fuskarka, idan ka ji taron yana kai ka yana komo da kai ba da sonka ba, lokacin fita ya yi, ko ma ya ɗan wuce. Ka ɗaga hannuwanka ka dunƙule su a gaban ƙirji don ka tsare wa huhunka wuri. Kada ka yi dambe da taron, ka bi shi, kana karkata gefe kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka ɗan sassauta, har ka kai bakin taron. Ka nisanci bango da shinge da ƙofar da ta ƙuntata. Abin da ya faɗi, waya ce ko takalmi, a bar shi. Kada a ɓata numfashi wajen ihu. Idan wani ya faɗi kusa da kai, a yi maza a ɗaga shi, domin faɗuwar mutum ɗaya takan jawo wasu a kansa.

Rigakafin ya fi duk wannan sauƙi. Da isarka ka duba hanyoyin fita, har da waɗanda ba ta nan ka shigo ba, ka tsaya a gefe maimakon gaban dandamali, ka kuma tashi kafin a tashi, ko ka jira sai an ragu.

Zan tafi da yara. Me zan yi daban?

A rage tsawon shirin da rabi. Yaro ba ya jure ɗakuna goma na kayan da aka hana shi taɓawa, amma zai tsaya rabin sa'a a gaban ƙasusuwan wata babbar dabba ko tsohon kan jirgin ƙasa. A bar shi ya zaɓi abu ɗaya da za a je a gani, a sa lambu ko filin wasa a tsakiyar yini, a riƙe ruwa da guzuri. Wasu bukukuwan suna da ranar iyali, kamar Lahadin bikin Notting Hill.

Kafin a bar gida, a ɗauki hoton kowane yaro cikin kayan da ya sa a ranar. Uwar da ɗanta ya ɓace a taro takan kasa tuna kalar rigarsa saboda ruɗewa, hoton kuwa ana nuna wa jami'in tsaro nan take. A rubuta lambar waya a takarda a sa masa a aljihu, ko a rubuta a damtsensa da biro. A koya masa cewa in ya duba bai ga kowa ba, ya tsaya cak inda yake, ya nemi taimakon mai kayan sarki ko macen da take tare da yara. Manya kuma su tsayar da wurin haɗuwa tun da farko, wuri mai suna da ake hangowa daga nesa, domin a cikin babban taro layin waya yakan cushe.

Idan akwai tsoho ko mai keken guragu fa?

A bincika hanyar kafin wurin. Tsofaffin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, kamar na Landan da aka fara a 1863, da yawansu ba su da lif, alhali bas ɗin birnin yana da wurin keken guragu. Manyan gidajen tarihi sukan ba da aron keken guragu, wasu ma suna barin mai rakiya ya shiga kyauta. A kira a tambaya.

Mota ta fi, ko abin hawa na jama'a?

A tsakiyar birni, musamman ranar biki, mota nauyi ce. Neman wurin ajiye ta yakan ci lokacin da aka ware don kallo. Inda akwai tikitin yini ko katin da yake aiki a bas da jirgi, a saye shi tun da safe. Wani lokaci abin hawan ma shi ne kallon: jirgin fiton da yake ƙetare mashigin Bosforus a Istambul da kuɗin fasinja na yau da kullum yake kai mutum daga Turai zuwa Asiya, da masallatai da fadoji a gaɓa biyu. A sauke taswirar birnin a waya tun a gida yadda za ta yi aiki ba intanet.

Wane irin wuri ake samu a bayan gari don fitar yini ɗaya?

Kusan kowane babban birni yana da wani abu mai daraja cikin tafiyar sa'a ɗaya. Fadar Versailles tana kimanin kilomita 20 daga Faris kuma jirgin ƙasa yana zuwa. Dalar Giza, mai shekara kusan 4,500, tana gefen Alƙahira ne, har gidaje sun kusa cim mata. Gandun dajin Nairobi, wanda aka kafa a 1946, yana kimanin kilomita 7 daga tsakiyar birnin, ana ganin raƙumin dawa da karkanda da dogayen benaye a bayansu.

A irin wannan fita, lokacin abin hawa na ƙarshe da zai dawo da kai shi ne farkon abin da za ka sani, sannan ka gina sauran shirin a kansa. A duba hasashen yanayi da safiyar ranar. Motar igiya da take hawa dutsen Table a birnin Cape Town takan tsaya idan iska ta yi ƙarfi, kuma jiragen fito ma haka suke. Dabbobin dawa da sassafe da yamma suke fitowa, wanda ya isa da tsakar rana ciyawa zai kalla.

Ina buƙatar ɗan jagora?

A tsohon gari mai lunguna, ko kufai da ba rubutun bayani, jagora nagari yana mayar da tarin duwatsu labari, kuma da ɗan gari akan ci gari. A nemi mai lasisi ta hannun ofishin wurin, a daidaita farashi da tsawon lokaci kafin a ɗaga ƙafa. A yi hattara da wanda ya tare ka a hanya ya ce wurin a rufe yake yau amma zai kai ka wani da ya fi shi. Tsohuwar damfara ce da ake yi a birane da yawa, kuma ƙarshenta shagon da ake ba shi kamasho. Ka ƙarasa bakin ƙofa ka gani da idonka.

Waɗanne ladubba ya kamata in kiyaye?

Wurin ibada yana nan a wurin ibada ko da an buɗe shi ga masu kallo. Masallacin Sultan Ahmed na Istambul yana dakatar da masu ziyara a lokutan salla, ana cire takalmi, mata suna rufe kai. A majami'ar Saint Peter da ke Batikan ana mayar da wanda bai rufe kafaɗu da gwiwoyi ba. Mutum ya shiga wurin da wasu suke girmamawa yadda yake so a shiga nasa.

A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, balle yaro. A unguwar Gion ta birnin Kiyoto a Japan, takurar masu kyamara ta kai ga hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba tun 2019, da tara ga wanda ya saɓa. Birnin Banis na Italiya ya fara karɓar kuɗi daga masu ziyarar yini ɗaya a wasu ranaku a 2024 saboda yawan baƙi. Unguwar da kake kallo gidan wasu ce, a cikinta suke barci suke renon 'ya'yansu. A ƙasashe da yawa kuma ɗaukar hoton barikin soja ko shingen jami'an tsaro laifi ne da zai iya kai mutum ga tsarewa.

Me zan riƙe, kuma yaya zan tsare shi daga 'yan sane?

Takalmin da ƙafa ta saba da shi, ruwa, abin cajin waya na tafi-da-gidanka, laima ko hula gwargwadon yanayi, da maganin da kake sha kullum. Jaka ta zama ƙarama, domin wurare da yawa suna bincike a ƙofa kuma ba sa barin manyan jakunkuna su shiga. A raba kuɗi gida biyu, na kashewa a aljihun gaba, na ko-ta-kwana a wani wuri daban tare da kwafin katin shaida.

'Yan sane sun fi aiki a ƙofar jirgi lokacin shiga, da inda aka yi da'ira ana kallon mai wasa, da duk inda idon kowa yake sama. Sukan zo su biyu ko uku, ɗaya ya bangaje ka ko ya miƙo maka takarda ka sa hannu, ɗayan ya zare. A irin waɗannan wurare a juyo da jaka gaba a ɗora hannu a kanta. A rubuta adireshin masauki da lambar wani na kusa a takarda, saboda ranar da waya ta mutu ko ta ɓace, a kuma san lambar neman agaji ta ƙasar: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka.